Amanar Ido a Wuyan Wa? Nasiha Kan Ciwon Sukari da Makanta



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu idanu biyu ba tare da mun biya ko dala ba, Ya kewaye su da ƙashi, Ya lulluɓe su da fata, Ya sa musu ruwan da ke wanke su dare da rana. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Korgom da kewaye, da na sauran garuruwan ƙasar Tasawa da Mayahi, ina yi mini da ku wasiyya da tsoron Allah, sa'an nan ina roƙon ku ba ni aron hankalinku game da wata musiba da ke shiga gidajenmu ba sallama.

A bara, bayan sallar La'asar, wani dattijo da na sani tun ina yaro ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci. Mutum ne da ya saba sauke Alƙur'ani kowane wata. Shekara 11 da suka wuce aka gaya masa yana da ciwon sukari. Ya sha magani wata uku ko huɗu, da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya ajiye. Duk sa'ad da ƙishirwa da yawan fitsari suka dawo, sai ya aika a sayo masa ƴan ƙwayoyi a kasuwa. Da ya fara kasa bambance wasali da ɗigo, ya ce tsufa ne, ya sayi tabarau a tebur. Wata rana da asuba wani abu kamar hayaƙi ya sauko wa idonsa na dama. Da ƴaƴansa suka kai shi asibitin ido, likita ya ce na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma an ceto abin da ya saura. Abin da dattijon nan ya ce mini shi ne: "Malam, shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa ce mini sukari yana taɓa ido." Na yi shiru, domin ni ma ina cikin waɗanda ba su faɗa masa ba. Wannan nasiha biyan wani sashe ne na bashin nan.

IDO AMANA NE

Ya ku bayin Allah, a cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, Allah (S.W.T.) Ya sanar da mu cewa za a tambayi ɗan Adam game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Malamanmu sun daɗe suna bayani cewa za a tambaye mu abin da muka kalla, halas ko haram, kuma haka ne. To, amma wanda aka ba ajiyar doki, ba kan inda ya hau shi ya je kaɗai za a tambaye shi ba, za a tambaye shi ko ya ba shi ciyawa da ruwa.

Mun san hadisin da Buhari ya ruwaito daga Anas (R.A.), wanda ma'anarsa ita ce Allah Ya yi alkawarin Aljanna ga bawan da Ya jarraba da rashin idanunsa biyu, ya kuwa yi haƙuri. Wannan bushara ce babba, kuma da ita muke lallashin duk ɗan'uwan da ya rasa gani. Sai dai wasu sun ɗauke ta hujjar zama. Buharin nan ne kuma ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. Sayyidina Umar (R.A.) yana kan hanyar Sham ya ji labarin annoba, ya juya da jama'a. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga misali da makiyayi mai zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefen da ya bushe. Saboda haka haƙuri yana da lokacinsa, neman magani yana da nasa. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ido ya tafi, ladansa na wurin Allah. Wanda kuwa ya ji gargaɗi ya yi biris, akwai tambaya a gabansa.

Magabatanmu haka suka fahimta. Ammar al-Mausili, likitan ido da ya yi aiki a Masar kimanin shekara 1,000 da suka wuce, ya ƙera allura mai rami ta zuƙe yanar ido. A nan kusa da mu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya rubuta littafi musamman kan maganin ido. Ba su ga wani saɓani tsakanin wannan da tawakkali ba.

YADDA SUKARI KE CIN IDO

A can ƙuryar ido akwai wani tantani siriri, likitoci suna ce masa retina. A kansa hoton duk abin da ka kalla yake sauka kafin ya wuce ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sun fi gashin kai sirantaka. Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, sai bangon jijiyoyin nan ya yi rauni. Wasu su fara tsattsafo da ruwa da jini, wasu su toshe. Inda ruwan ya taru a tsakiyar tantanin sai ya kumbura, karatu da gane fuska su gagara. Inda jini ya daina kaiwa, sai ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, waɗanda ke fashewa su cika shi da jini, ko su yi tabo su ja tantanin ya ɓamɓaro daga mazauninsa.

Abin tsoro a nan shi ne, shekaru na farko ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi, ba kwantsa. Mutum yana gani garau alhali ɓarna tana gudana. Kun san aikin gara a rumbu: daga waje yana tsaye lafiya, ranar da ka jingina da shi ka ji labari. Wannan ne ya bambanta cutar da amodari, wanda ke nuna kansa tun da wuri. Ban da haka, mai sukari yakan yi yanar ido tun bai tsufa ba, kuma hawan jinin ido ya fi saurin kama shi.

Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga ciki a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. Bincike ya nuna kimanin mutum 1 cikin 3 na masu sukari ciwon ya taɓa tantanin idonsa, kimanin 1 cikin 10 kuma ya kai matakin da gani ke cikin haɗari. Kada wani ya ce cutar attajiran birni ce. Ta shigo ƙauye tare da buhun sukari, da shayi zubi uku, da lemon kwalba, da babur da ya maye gurbin tafiyar ƙasa, sa'an nan akwai gado.

Ga kuma bushara. A 1993 wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan masu nau'in sukarin da ke buƙatar allurar insulin ya nuna cewa tsare sukari da kyau ya rage kamuwar ido da kashi 76 cikin 100. A 1998 wani da aka yi a Birtaniya kan nau'in da ya fi kama manya ya nuna cewa tsare hawan jini ya rage ci gaban cutar idon da kimanin kashi 1 cikin 3. Ku lura, ƴan'uwa, abubuwan nan biyu, awon sukari da awon jini, aiki ne na gidan likitan karkara. Ke nan ana ceton ido ko a rasa shi a nan gida, shekaru kafin a kai ga babban asibiti. Don haka amanar ta rabu uku.

AMANA TA FARKO: MAI CIWON

Na ɗaya, ka san matsayinka. Idan kana yawan ƙishirwa, kana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, kana ramewa alhali kana ci, ko miki ya ƙi warkewa, ko mahaifinka ko mahaifiyarka sun yi ciwon, ko ka haura shekara 40 kana da ƙiba, je a auna. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Idan kafin karin kumallo awo ya kai giram 1.26 a lita, aka sake wata rana ya maimaita, to ciwon sukari ne.

Na biyu, maganin sukari ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a huta. Jin sauƙi alama ce magani yana aiki, don haka a ci gaba. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka daina, sai da izinin likita. Wanda aka sa wa insulin kada ya ɗauka an yanke masa hukunci. Tun da aka gano ta a Kanada a 1921, Allah Ya raya miliyoyin mutane ta dalilinta. Inda ba firiji, ana ajiye ta a inuwa cikin tukunyar ƙasa mai sanyi, yadda ma'aikacin lafiya zai nuna maka.

Na uku, ka kai idonka a duba tun yana gani. Babban da aka gano masa sukari, a duba ƙuryar idonsa tun farkon ganowa, domin sau da yawa ciwon ya yi shekaru a jiki kafin a sani. Daga nan sau ɗaya a shekara, ko yadda likitan ido ya ce. Mace mai sukari da ta sami ciki ta je tun watannin farko, domin ciki kan hanzarta cutar. Dubawar ita ce a ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido a leƙa ciki da fitila, ko a ɗauki hotonsa. Gani zai yi hazo na ƴan sa'o'i, saboda haka ka tafi da ɗan rakiya, kada ka tuƙa babur. Ka fara da gidan likitanku, su ba ka takarda zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi, daga can kuma idan ya kama a tura ka Maraɗi, inda akwai babban asibitin jiha da asibitin ido na Makka. Idan an ga ɓarna da wuri, akwai magani: ana ƙona wuraren da suka lalace da hasken leza, ana yin allura a ido don sauke kumburi, wani lokaci a yi aiki. Amfaninsu ya fi yawa wajen tsare ganin da ya saura. Abin da ya riga ya mutu, da wuya ya dawo.

Na huɗu, idan ka fara ganin baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje, ko zare kamar saƙar gizo, ko layin rubutu ya karkace, ko duhu ya rufe wani gefe, wannan ba abin jiran ranar kasuwa ba ne. Ka tashi a ranar.

Na biyar, abinci. Ba a ce ka bar tuwo da fura ba. A rage yawa, a daina zuba sukari a fura da koko da shayi, a bar lemon kwalba. A yawaita wake da zogale da rama da tafasa da kuɓewa, a rage gishiri da dunƙulen miya saboda hawan jini. Mai shan taba ya bari. Kuma a riƙa tafiya da ƙafa, ga masallaci ga gona.

Game da azumi, Allah da kanSa Ya yi wa majinyaci rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Sharja a 2009, ta karkasa masu sukari, ta bayyana cewa wanda azumi ke jefa shi cikin haɗari mai tsanani wajibi ne ya sha. Ka ga likita tun cikin Sha'aban. Idan an yarje maka, ka sani tsaga yatsa don awo ba ya karya azumi. In awo ya sauka ƙasa da giram 0.70, ko ya haura giram 3, ko ka ji rawar jiki da gumi da jiri, ka sha ruwa nan take, ka rama daga baya.

AMANA TA BIYU: MA'AIKACIN LAFIYA

Ya kai ɗan'uwa manjo, da ke ƴar'uwa ungozoma, da duk mai aiki a gidan likita, mun san nauyin da ke kanku. Mun san yadda layi yake a watannin zazzaɓi, mun san kayan aiki kan yanke. Allah Ya saka muku da alheri. Amma Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da mu, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Mai sukarin da ke zaune gabanka yana cikin kiwonka.

Tun taron Alma-Ata na 1978 da na Bamako na 1987 aka yarda cewa lafiyar jama'a a kan ƙaramin gidan likita take tsaye. A 2022 ƙasashen duniya, a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, suka sa wa kansu buri cewa zuwa 2030 a gano kashi 80 cikin 100 na masu sukari, kuma kashi 80 na waɗanda aka gano sukarinsu da jininsu su daidaita. Wannan buri a kan teburinka zai cika ko ya faɗi.

Kyakkyawar kulawa sananniya ce. A auna sukari, a auna jini a ga ko ya haura 14 bisa 9. A sa majinyaci ya cire takalmi a duba ƙafarsa. A tambaye shi yaushe rabon da a duba idonsa. A rubuta duk wannan a karnensa da rajistar gida, a sa masa ranar dawowa, in bai zo ba a aika a tambaya. A ba shi takardar zuwa likitan ido, in ya dawo a karanta abin da aka rubuto. Sama da duka, a yi masa bayani da Hausar da zai gane. Jimla ɗaya, "Baba, sukari yana cin ido a ɓoye, ka je a duba ko da kana gani," ba ta cin ko dala, ba ta cin minti ɗaya. Da dattijon nan ya ji ta, wataƙila da yau yana kan karatunsa. Kuma fuska a sake rabin magani ce. Wanda aka yi wa tsawa yau, gobe kasuwa zai nufa.

A nan dole in ja kunnen wasu. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da ilminsa ba, shi ke da alhakin ɓarnar da ta biyo baya. Mai tallan ƙwayoyi a rana, da mai rantsuwa cewa garinsa yana tumɓuke sukari cikin mako ɗaya, da mai huda ido da tsinke don ture yana, da mai ɗiga ruwan itatuwa a idon mutane, su ji tsoron Allah. Akwai ma maganin ɗigawa na kanti wanda, in an daɗe ana sa shi ba da umurnin likita ba, yake tada hawan jinin ido har ya makantar. Kuɗin da aka samu ta wannan hanya za a yi bayaninsu.

AMANA TA UKU: JAMA'A

Wani zai ce: Malam, duk mun ji, amma daga Tasawa zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100, ga kuɗin mota, ga na awo, ga na magani, gida kuwa ba hatsi. Wannan gaskiya ce, kuma a nan ne nauyin ya koma kanmu duka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu lissafa: mai gida ɗaya in ya makance, gona ta rasa manomi, yaro guda ya bar makaranta ya zama ɗan jagora. Wanne ya fi tsada?

Saboda haka muna ba da shawara huɗu.

1. Kowane masallacin Juma'a, daga Korgom zuwa Hawandawaki, Kona, Baudeta da Maijirgi, ya buɗe asusun majinyata, a hannun amintattu biyu ko uku, a riƙa karanta lissafinsa a fili. Matalaucin da ba shi da kuɗin magani yana cikin masu haƙƙin zakka.

2. A sa lokacin kaka ya zama lokacin duba ido. An girbe gero da wake da gyaɗa, akwai ɗan abin hannu, samari ba su tafi ci-rani ba. Masu sukari na gari ɗaya su haɗu su ɗauki mota guda, kuɗi ya ragu, tsoro ya ragu.

3. Wakilanmu a kwamitin kula da gidan likita su riƙa tambaya da ladabi: akwai na'urar awon sukari da ƴan takardunta? Akwai ta awon jini? Maganin sukari yana yankewa? In akwai giɓi a kai kuka ga magajin gari da hukumar lafiya ta Tasawa, ko attajiranmu su cike shi. Na'ura ɗaya da za ta auna mutum ɗari, sadaka ce mai gudana.

4. Limamai da masu wa'azi su faɗi maganar nan a kan mumbari, malamai mata su faɗe ta a makarantun matan aure. Magidanci ya sani barin matarsa ta je awo, da biyan kuɗinsa, yana cikin kyakkyawan zaman da Allah Ya umurce shi da shi. Uwargida kuma ta taimaki maigida da abin da take sa masa a ƙwarya.

Waɗanda kuma gani ya riga ya tafi, kada mu mayar da su mabarata. Abdullahi ɗan Ummi Maktum (R.A.) makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci a masallacin Annabi (S.A.W.), kuma an sha barin Madina a hannunsa idan an fita yaƙi. Itban ɗan Malik (R.A.) da ganinsa ya yi rauni, Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya taka har gidansa ya yi salla a wurin da ya roƙa. Mu riƙe hannunsu zuwa sahu, mu nemi shawararsu, mu kuma tabbata suna ci gaba da shan magani, domin ciwon da ya ci ido yana neman ƙoda da ƙafa da zuciya.

Dattijon da na ba ku labari yanzu jikansa ke karanta masa, shi kuma yana gyara masa daga abin da ya haddace. Ya roƙe ni in faɗa wa jama'a abin da ba a faɗa masa ba. Na faɗa, Allah Ya shaida. Saura kai da ka karanta ko aka karanta maka: ka san wani mai sukari a gidanku ko a unguwarku. Kafin Juma'a mai zuwa ka je ka tambaye shi yaushe aka duba idonsa.

Ya Allah, Ka jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka ba waɗanda suka rasa gani haƙuri da hasken zuciya. Ka sa albarka a hannun masu jinyarmu, Ka ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da muka faɗa daidai daga gare Ka ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman gafararKa.